Ɗakinka Yana Sama

Ranar Laraba ce, la'asar sakaliya, kuma jibi Juma'a wa'adin zai cika. Jami'ar ta rubuto wa Auta cewa ta ba shi gurbin karatu, saura ya amsa ya kuma zaɓi ɗakin kwana. Daga garinsu zuwa can tafiyar yini guda ce cur a mota, shi ya sa suka haɗo masa da wani adireshi na intanet, wai ya shiga ya zagaya gine-ginen daga inda yake zaune.

Daga inda yake zaune ɗin kuwa, domin shekara tara ke nan bai tsaya da ƙafarsa ba. Da can mai aikin wutar lantarki ne. Wata safiya ɗamarar da ya ɗaura a ƙugu ta kwance yana saman turke, ya faɗo da baya a kan bakin kwalbati. Tun ranar, daga ƙugu zuwa ƙasa babu labari. Da ya ji sauƙi sai ya kama ɗan shago a layin masu gyara, yana gyaran fanka da dutsen guga da rediyo, in ciniki ya lafa ya buɗe littafi. Sau uku yana zana jarrabawa kafin ya ci. Yanzu shekarunsa talatin da huɗu, gemunsa har ya fara furfura a gefe ɗaya.

Yayarsa tela ce, shagonta na jikin nasa, bango ɗaya suka raba. Ita take turo shi a keken guragu da safe, ita take mayar da shi gida da yamma. Ta leƙo da ƙunshin ɗinki a hammata, zare fari maƙale a gefen mayafinta.

"Injiniya, yau ba a tashi ne?"

"Minti goma, Yaya. So nake in ga ko ƙofofinsu za su ci kekena."

"In ba su ci ba fa?"

"Sai in rage tumbi."

Ba ta yi dariya ba. Tun da takardar nan ta zo ta rage dariya. Ta tsaya tana kallon bayan kansa.

"Can in ka zame a banɗaki, wa zai ɗaga ka?"

"Wanda ya ɗaga ni daga bakin kwalbati."

"Ni ce nan na ɗaga ka, marar kunya."

"To, Allah ya turo ki. Can ma zai turo wata."

Ta yi tsaki, ta gyara ƙunshin. "Bari in kai wa matar nan kayanta in dawo. Kafin a kira salla ina so in same ka ka kashe abin nan. Ba na son dogon kallo da almuru."

Ta ja ƙofar ƙarfen shagon ƙasa zuwa rabi, ta tafi. Ya bi ƙarar takalminta da kunne har ta ɓace.

Kwamfutar tsohuwa ce, irin ta tebur. Wurin masu tsofaffin ƙarafa ya tsinto ta ya tayar da ita da hannunsa. Ba ta da batir, ba ta da lasifika, don tun bara ya cire lasifikar ya sa wa rediyon wani. Ya jawo littafinsa da biro, ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, ya danna.

Ƙofar jami'a ta bayyana, rana tsaka, sama tas babu gajimare. A ƙasan hoton akwai fararen kibiyoyi, duk wadda ka danna sai hoton ya zuƙe ka gaba. A kusurwa kuma ga 'yar taswira da ɗigon shuɗi mai nuna inda kake. Ɗalibai sun daskare a tsakiyar tafiya, an shafe fuskokinsu kamar an goga babban yatsa a kan ɗanyen fenti.

Ya fara da laburare. Akwai gangarar keke a gefe, amma ta yi tsaye da yawa. Ya rubuta: sai da mai turi. Ya wuce ginin tsangayar injiniya. Matakala biyar a gaba, gangara a baya kusa da kwandunan shara. Ya rubuta. Zauren lacca kujerunsa a kafe suke, jere bisa jere har sama, amma akwai ɗan fili a gaba kusa da allo. A ɗakin gwaje-gwaje teburan sun yi tsawo, za su kai masa haɓa. Faɗin kekensa santimita sittin da takwas ne, don haka a kowace ƙofa sai ya tsaya ya ƙirga tayil ɗin da ke bakinta ya kimanta. Har ya hango wata waya da aka ja a bango babu bututu, ya girgiza kai shi kaɗai.

"Tsangayar injiniya guda," ya ce. "Kai, jama'a."

Daga nan ya bi hanya mai bishiyoyi zuwa gidajen kwanan ɗalibai. Na uku ne aka ce yana da ɗakin masu keke. Taswira ta nuna ginin hawa biyu ne, ƙasa da bene ɗaya. Ya shiga doguwar baranda mai ƙofofi hagu da dama. Ɗakin yana nan, na biyu daga bakin ƙofa. Ƙofarsa mai faɗi, gadon gajere, makunnin fitila a ƙasa inda hannu zai kai. A banɗaki har da ƙarfen riƙo a bango.

Ya daɗe yana kallon ƙarfen nan. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin lambar ɗakin, ya ce a ransa bari Yaya ta dawo ta gani da idonta.

Ya fito barandar zai rufe shafin ke nan, sai ya ga wata kibiya can ƙarshe. Ɗazu bai lura da ita ba. Ƙarama ce, ba fara sosai ba, kalar tsohon haƙori.

Ya danna.

Hoton ya zuƙe shi zuwa gindin matakalar bene. A nan hasken ya sauya. Ba rana tsaka ba ce kuma. Wani jan haske ne ke shigowa ta tagar sama, irin wanda ke kwance yanzu haka a ƙarƙashin ƙofar shagonsa.

Wani tsoho na zaune a benci a gindin matakalar, cikin rigar kaki ta masu gadi, da damin makullai a kan gwiwa.

Ba a shafe fuskarsa ba.

Auta ya dubi taswira. Ɗigon shuɗin ya fita daga cikin ginin, yana tsaye a kan farin fili inda babu zanen komai.

Ya danna kibiyar komawa. Ba ta motsa ba. Ya sake dannawa.

Tsohon ya riga ya miƙe tsaye.

Daidai nan aka ɗauke wuta. Fankar sama ta yi ƙugi ta fara lafawa. Fitilar teburinsa ta mutu. A waje ya ji mai walda ya ja dogon tsaki, ana ta rurrufe shaguna.

Allon bai mutu ba.

Shi mai aikin wuta ne. Ya san abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya finciko filogin daga soket, ya ɗago shi gaban idonsa. Ƙarafan uku suna da ɗumi a tafin hannunsa.

Tsohon yana nan yana kallonsa.

"Sannu da zuwa, ɗana."

Muryar a hankali take, a shaƙe, kamar ta fito daga cikin tulu. Daga kwamfutar da ba ta da lasifika.

"Wancan ɗakin ba naka ba ne. Ɗakinka yana sama."

Auta ya san abin da ya kamata ya faɗa. Tun yana ƙarami aka koya masa. Ya buɗe baki zai nemi tsari.

Sai babban yatsan ƙafarsa ta dama ya yi ƙaiƙayi.

Ya tsaya cak.

Ƙaiƙayi ne sosai, irin na cizon sauro, a gefen farce. Shekara tara. An soka masa allura a wurin nan a asibiti yana kallo bai ji ba. An taɓa zuba masa ruwan zafi bisa kuskure, sai wari ne ya gaya masa.

"Baba," ya ce, "ni ba na hawa bene."

"Gwada."

Sanyi ya shiga tafin ƙafafunsa. Sanyin tayil da aka goge da ruwa. Ya haura idon sawu, ya haura ƙwauri, ya kai gwiwa. Warin dalma da man inji na shagon ya janye. Wani wari ya maye gurbinsa: maganin goge ƙasa, jiƙaƙƙen siminti, tsohuwar katifa.

Ya sunkuyar da kai ya duba.

Babu keke. Babu tebur. Ƙafafunsa biyu ne tsirara a kan tayil, kuma nauyinsa gaba ɗaya a kansu yake.

Yana tsaye.

Duk wanda ya ce tsoro ne ya fara zuwar masa, bai san Auta ba. Kuka ne ya fara zuwa. Ya ɗaga ƙafar dama ya ajiye. Ya ɗaga ta hagu. Ya murza yatsunsa a kan tayil. Ya manta ashe shi dogo ne. Ya manta yadda duniya take in ana kallonta daga sama. Ya yi dariya hawaye na shiga bakinsa.

Tsohon ya juya ya fara hawa. Makullan na kaɗawa a hannunsa, amma ba ƙarar ƙarfe suke yi ba. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar busassun 'ya'yan itace a cikin gwangwani.

Matakala ɗaya kawai, in ji Auta a ransa. In ji yadda take, in dawo.

Ya taka matakala ta farko. Naman cinyarsa ya ɗaure ya ɗaga shi. Ya taka ta biyu. Ya ƙirga su da baki kamar mai tasbihi, goma sha biyu, ya juya kwana, wasu goma sha biyu. Ga bene. Tsohon bai tsaya ba. Akwai wata matakalar.

Ya bi.

Sai da ya ƙirga hawa na biyar sannan ya tuna taswira ta ce bene ɗaya ne.

Ya ce bari ya tsaya ya huta. Ƙafafun ba su tsaya ba.

Ya sake cewa su tsaya. Suka ci gaba da hawa, a natse, dama, hagu, kamar ba da su ake ba.

Yanzu tsoron ya iso.

Daga sama wani sauti ke saukowa. Shaa, shaa, shaa. Kamar ana shara da tsintsiya ɗari a lokaci ɗaya.

Suka fito wata baranda da ba a ganin ƙarshenta. Jan hasken nan ya cika ta, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ƙofofi duk a buɗe. Ya leƙa ta farko yana wucewa. Babu gado. Babu kujera. Babu ko tabarma.

Mutum ne a ciki, yana tafiya daga bango zuwa bango.

Ɗaki na biyu ma haka. Na uku ma haka. Dattijo mai farin gashi. Mace mai rigar asibiti. Wani ƙato da ƙarafan gyaran ƙafa har yanzu a ƙwaurinsa, sun yi tsatsa. Ba mai kallon wani. Tayil ɗin kowane ɗaki ya cinye a tsakiya, ya yi kwari kamar hanyar shanu, kuma kwarin baƙi ne, yana ƙyalli.

Auta ya dubi ƙafafunsu sau ɗaya. Bai sake ba.

Wata budurwa tana kai da kawowa a barandar kanta. Ta zo daf da shi, idonta a ƙasa, leɓenta a tsage.

"Kada ka karɓa," ta raɗa, ta wuce.

Ta kai bango ta juyo. Shaa, shaa.

"Ni ma leƙowa na yi. Daga gadon asibiti."

Ta wuce. Ta juyo.

"Ba a zama. Ba a barci."

Ta wuce. Ta juyo. Wannan karon ta ɗago ido.

"Don Allah, wace shekara ake ciki?"

Ƙafafunsa sun riga sun kai shi ƙofar wani ɗaki, suka tsaya suna taka wuri ɗaya. Ɗakin babu kowa. Tayil ɗinsa sabo fil, ko ƙwarzane babu.

Tsohon ya zaro makulli ɗaya daga damin, ya miƙo.

A kusa Auta ya ga abin da suke. Ba ƙarfe ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne, an huda kowanne an zura a zobe. Tsofaffin sun yi rawaya. Wanda ake miƙo masa fari ne, da danshi, yana tururi kaɗan.

Ƙaramin yatsan ƙafarsa ta hagu ya ɗauki zogi.

"Karɓi, ɗana. Ba haya, ba wa'adi. Ba mai tura ka. Ba mai ɗaga ka."

Hannunsa ya fara tashi. Ba wanda ya tilasta hannun. Wannan shi ne abin da bai taɓa gaya wa kowa ba sai daga baya: hannun da kansa ya ɗaga shi.

"Auta!"

Daga ƙasa can, nesa, kamar daga cikin rijiya.

"Auta! Na shiga uku! Auta!"

Tsohon bai ko juya ba. "Ta gaji da kai," ya ce a hankali. "Shekara tara tana wanke ka. Ka bar ta ta huta."

Maganar ta shige shi, don ya sha faɗa wa kansa ita. Yatsunsa suka kusa taɓa ƙashin.

Sai ya ji yadda muryar take fashewa. Ya taɓa jin ta haka sau ɗaya, a bakin kwalbati, tana tallafe da kansa tana zagin mutanen da suka tsaya kallo. Wannan ba muryar mai son hutu ba ce.

Ya janye hannu.

"A'uzu billahi," ya ce. Da ƙyar ta fito.

Fuskar tsohon ba ta sauya ba. Bakinsa ne kawai ya ci gaba da faɗi, ya wuce inda bakin mutum ke tsayawa.

Ƙafafun Auta suka taka cikin ɗakin.

Ya cafke katakon ƙofa da hannu biyu. Ƙafafun suka ja gaba. Ya ja baya. Shekara tara yana ɗaga kansa daga gado zuwa keke, daga keke zuwa masai, daga ƙasa zuwa gado in ya faɗi ba kowa. Duk ƙarfin da ya rage masa a duniya a damatsansa yake.

Kuma ya iya faɗuwa. Wannan kam ya iya.

Ya jefa kansa baya. Kafaɗarsa ta daki tayil. Ya kife, ya kafa gwiwar hannu, ya ja jiki.

Ƙafafun suka yi ta shure-shure a bayansa, suna neman ƙasa. Yatsunsu na kartar tayil. Gwiwa ɗaya ta lanƙwashe za ta tashe shi, ya kai mata naushi, ya ji zafin har ƙwaƙwalwa.

Shaa, shaa ɗin ya tsaya.

Barandar ta yi tsit. Ya san duk sun fito bakin ƙofofinsu. Bai ɗaga kai ba.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

A bayansa. Ba gaggawa.

Ya kai bakin matakala, ya kama ƙarfen riƙo, ya sauka da ƙirji. Haɓarsa ta bugi siminti. Gishirin jini ya cika bakinsa. Ƙafafun suka maƙale sandar ƙarfen kamar hannuwa, sai da ya juya ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Goma sha biyu. Kwana. Goma sha biyu.

Muryar Yaya na ƙara kusowa. Yanzu ba sunansa take kira ba, addu'a take, duk wadda ta zo bakinta, tana haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Ya kama bakinsa ya bi ta.

Ƙas. Ƙas.

Wani abu mai sanyi ya taɓa diddigensa.

Ya saki ƙarfen ya gangara. Bai san hawa nawa ya mirgina ba.

Ga bencin. Ga barandar ƙasa. Can ƙarshenta, inda ƙofar fita take ɗazu, wani ɗan haske ne mai kusurwa huɗu, bai fi faɗin allo ba. A cikinsa ya hango fankokin da ke rataye a bangon shagonsa. Ya hango mayafin Yaya.

Ya ja jiki. Farcensa biyu suka karye.

"Ɗana."

Muryar a kunnensa take. Numfashin na warin tsohuwar rijiya.

"In ka fita, ba za ka ƙara taka ƙasa ba har a binne ka."

Auta ya tsaya. Ya ji sanyin tayil a gwiwoyinsa, a ƙwaurinsa, a kan kowane yatsa. Ya ji shi sosai, da gangan, kamar mai shan ruwan ƙarshe.

"Na sani," ya ce.

Ya cusa kansa cikin hasken.

Wata ƙara ta tashi, gilashi ya tarwatse.

Da ya buɗe ido a ƙasan shagonsa yake, cikin duhu, kansa a cinyar Yaya. Guduma na gefenta. Allon kwamfutar ya zama rami, hayaƙi siriri na fita daga ciki. Daga masallacin bakin layi ana sallame salla. Kekensa na can jikin bango, a kife, tayarsa ɗaya na juyawa.

Daga ƙugu zuwa ƙasa, shiru.

Sai da aka kwana biyu Yaya ta iya gaya masa abin da ta tarar. Ta ce ta sunkuyo ta ƙarƙashin ƙofa ta gan shi a tsaye. A tsaye, goshinsa manne da allon, idonsa a buɗe, ƙafafunsa na taka wuri ɗaya. Ta ce da farko guɗa ta zo mata, har ta buɗe baki. Sai ta ga filogin a hannunsa, ta ga jini a siminti, ta ga inuwar mutum biyu a bango alhali shi kaɗai ne. Ta ja shi, kamar ta ja turke. Shi ne ta ɗauki guduma.

Likita ya wanke tafin ƙafafun, ya ce kamar na wanda ya yi kwana uku yana tafiya ba takalmi. Ya daɗe yana murza ƙaramin yatsan ƙafar hagu, ya sa aka ɗauki hoto. Ya ɗaga hoton a gaban fitila, ya sauke, ya sake ɗagawa. Babu ƙashi a yatsan. Babu yanka, babu tabo, fata ce kawai da nama.

Ranar Juma'a Auta ya kira ofishin ɗaukar ɗalibai. Wata mata mai fara'a ta ce masa hotunan gidan kwana na uku a ƙofar banɗakin ƙasa suka tsaya, ba a ɗauki matakala ba, kuma shekara biyu ke nan da suka daina ajiye mai gadi a ciki. Ta tambaye shi ko a riƙe masa ɗakin. Ya dubi Yaya. Yaya ta dubi ƙasa. Ya ce a ba wani.

Ya koma gyaran fanka. Littattafan suna nan a kan kanta, bai zubar ba, bai kuma buɗe ba. Ya sayar da wayarsa mai allo ya sayi ƙarama mai madanni. In an kawo gyaran talabijin sai ya tura makwabci.

Abu ɗaya ne ba su gaya wa likita ba. Kullum in rana ta yi ja, ƙafafun sukan fara. A hankali, dama, hagu, a kan matakin keken. Shi ba ya jin su, sai dai ya gani. Ba sa dainawa sai an idar da salla.

Don haka Yaya ta ɗinka ɗamara biyu da ragowar yadi mai kauri, ta sa musu maɓalli. Kafin almuru takan rufe keken ɗinkinta ta shigo, ta durƙusa, ta ɗaure masa ƙafafun a jikin ƙarfen kekensa. Ba sa magana a kai.

Wata yamma tana cikin ɗaurawa, ba ta ɗago ba, ta ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Da ban kira ka ba, da ka dawo?"

Ya dubi hannuwanta a kan idon sawunsa. Ya dubi furfurar da ta fito mata a gaban goshi. A ƙarƙashin tafinta ƙafar dama ta ɗan ɗaga, ta sauka.

Ya buɗe baki, ya rufe.

Yaya ta jira. Da ta ga shirun ya yi tsawo, sai ta kwance ɗamarar, ta ƙara zagaya ta sau ɗaya, ta ja da ƙarfi.